Harafin da Ke Saman Labari: Wa Ya Sa Shi, Kuma Wa Yake Karewa?

Idan uwa ta ɗauki wayar 'yarta ta tarar da wani labari na intanet da aka manna wa jan akwati mai harafin E, ko aka rubuta a samansa cewa akwai fyaɗe da zubar da jini a ciki, me ya kamata ta fahimta? Wata hukuma ce ta karanta labarin ta yanke masa wannan matsayi? Kuma alamar tana hana yaro shiga ne, ko kuwa ita ce ma ke yi masa kwatancen hanya?

Maganar ta same ni ne a wani suna a unguwar Mamobi da ke Accra, a nan Gana, lokacin dogon hutun makaranta. Muna zaune a ƙarƙashin rumfa sai wata maƙwabciyarmu ta miƙo min wayar 'yarta mai shekara 14, ta ce, "Ke da kika yi boko, duba min abin nan da ke hana yarinyar nan barci." Yarinyar na tsaye a gefe, idonta ya ciko, tana ta maimaita, "Mma, wallahi T ne, ba M ba ne." Uwar ba ta san bambancin T da M ba, kuma a cikin matan da ke wurin babu wadda ta sani. Duk da haka, kafin a raba shinkafa da wake an riga an kasu gida biyu. Wasu suka ce tunda Turawa sun sa alama, ai sun tace shi. Wasu suka ce duk abin da sai an yi masa gargaɗi batsa ne, a ƙwace wayar kawai. Dukansu sun yi kuskure, kuma irin kuskuren da yaro ne ke biyan kuɗinsa.

Mene ne labarin ɗori?

Irin labarin da yarinyar nan ke karantawa, yara suna ce masa fanfik. Ni na fi son in ce labarin ɗori, domin aikin ke nan: mutum ya ɗauki taurarin wani fim, ko littafi, ko zanen Japan da yake ƙauna, ya ɗora musu sabon labari daga kansa. Wanda aka kashe a fim sai a raya shi. Biyun da aka raba sai a ɗaura musu aure. Akwai ma masu rubutawa a kan mutanen da ke raye, 'yan ƙwallo da mawaƙan Koriya. Yawancin marubutan ba da sunansu na yanka suke rubutu ba, kuma yawanci kyauta ake karantawa.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kowace kaka tana da yadda take juya Gizo da Ƙoƙi, kuma babu wanda ya taɓa ce mata ta ɓata tatsuniya. Duk wanda ya zauna a tsakar gidan haya a Nima bayan an gama nuna wasan Indiya mai dogon zango da aka fassara da harshen Twi, ya ji mata suna gardamar yadda ya kamata a ce labarin ya ƙare. Wannan gardamar ce wasu suka zauna suka rubuta.

Sai dai akwai wani abu da ya sa alama ta fi muhimmanci a nan fiye da littafin da ake saye a shago. Yaro yana shiga ta ƙofar da ya sani. Zanen da ɗan shekara 10 ke kallo a gaban iyayensa, wani babba a wata ƙasa zai iya ɗaukar taurarinsa ya rubuta musu abin da ko mai aure sai ya kau da kai. Sunan tauraro ba ya gaya wa kowa abin da ke cikin labarin. Alamar ce kaɗai ke faɗa.

Manyan rumbunan wannan rubutu uku ne. FanFiction.net ya fara a 1998. Wattpad, wanda na fi gani a wayoyin 'yan matanmu, an kafa shi a Toronto ta Kanada a 2006, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021. Sai Archive of Our Own, da ake taƙaitawa AO3, wanda aka buɗe wa jama'a a 2009, kuma labaran da ke cikinsa sun haura miliyan 10 tun 2022. Dukansu shekara 13 suka ɗauka a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu.

Mataki daban, gargaɗi daban

Abu biyu ne ake cakuɗawa. Mataki yana amsa tambayar "ya dace da wa?" Gargaɗi kuma yana amsa "me ke ciki?" Labari zai iya zama ba shi da ko sumba ɗaya amma a yi masa gargaɗi saboda uwar jarumar ta rasu a ciki. Wani kuma ba shi da gargaɗi ko ɗaya, alhali daga farko har ƙarshe maganar shimfiɗa ce tsakanin manya biyu. Matan da suka ce duk gargaɗi batsa ne, a nan suka zame.

A FanFiction.net matakan su ne K ga ɗan shekara 5 zuwa sama, K+ ga 9, T ga 13, M ga 16. Akwai MA na 'yan 18, amma rumbun ya haramta ɗora shi. A AO3 kuwa akwatuna ne masu launi: koren G na kowa da kowa, rawayan T na matasa, ruwan goron M na manya, jan E na bayyanannen jima'i ko tashin hankalin da aka zayyana dalla-dalla. Na biyar shi ne labarin da marubucinsa ya ƙi sa masa mataki. Wattpad bai wahalar da kansa ba: ko labari na kowa ne, ko na manya.

A lura da tarkon da ke nan. Harafin M ɗaya ne, ma'anarsa uku. A wani wuri yana nufin shekara 16 kuma a ƙa'ida ba a bayyana komai ƙarara ba. A wani wurin shi ne ƙololuwa, babu abin da ke samansa. A na ukun kuma akwai E a kansa. Uwar da ta haddace "M ne mafi muni" za ta wuce jan akwati ba ta waiga ba.

Gargaɗin da AO3 ya wajabta huɗu ne kawai: tashin hankali da aka zayyana, mutuwar babban tauraro, fyaɗe ko saduwa ba da yarda ba, da jima'in da ya shafi wanda bai kai 18 ba. Marubuci zai iya cewa babu ko ɗaya daga cikin huɗun. Zai kuma iya zaɓen wani abu da ya fi komai ruɗa mutane, wato ya rubuta cewa ya zaɓi kada ya yi gargaɗi. Wanda bai saba ba sai ya ɗauka ana nufin labarin lafiya lau yake. Abin da ake nufi shi ne komai na iya kasancewa a ciki, wanda ya shiga ya shiga da saninsa. Wasu marubutan suna yin haka ne don kada su tona ƙarshen labari, wasu kuma don abin da ke cikin ya fi ƙarfin a faɗa.

Ban da waɗannan akwai ƙananan alamomi da marubuci ke ƙarawa da kansa, kamar kisan kai, dukan mata, shaye-shaye, ɓarin ciki. Akwai kuma zaurancen masu harkar. Kalmar smut, ko lemon wadda a ƙamus lemun tsami ce, duk suna nufin akwai bayyanannen jima'i. Uwa za ta ga lemon ta ɗauka girki ake koya wa 'yarta.

Daga ina tsarin ya fito?

Aro ne daga sinima. A 1968 masana'antar fim ta Amurka ta fito da haruffan matakai, ta ƙara PG-13 a 1984, sannan NC-17 a 1990. Da rubutun ɗori ya koma intanet, sai marubuta suka kwashi haruffan nan suka riƙa mannawa. A 2002 FanFiction.net ya haramta labaran NC-17, a 2005 ya bar haruffan sinima ya koma K, T da M, a 2012 kuma ya yi wata babbar shara ya goge labarai masu yawa.

Abin da ya fi canza tarihin harkar ya faru a watan Mayun 2007, lokacin da LiveJournal, wani dandalin intanet da marubutan ɗori ke taruwa a cikinsa, ya dakatar da ɗaruruwan asusu dare ɗaya bayan matsin lambar masu fafutukar kare yara. Sharar ta haɗa har da marubutan da ba su yi laifin komai ba, da waɗanda aka ci zarafinsu suke taruwa suna rarrashin juna. A shekarar ne wasu masu sha'awar harkar suka kafa ƙungiyar OTW, wadda ba ta neman riba, ita kuma ta gina AO3. Sun gina shi a kan wata yarjejeniya mai sauƙi: ba za mu goge rubutunka don yana da muni ba, amma dole ka faɗa wa mai karatu abin da zai tarar, ko ka faɗa masa cewa ka ƙi faɗa.

Wannan tarihin shi ne mabuɗin fahimtar komai. Manya ne suka ƙirƙiri alamomin domin manya 'yan'uwansu su zaɓi abin da suke so, su kauce wa abin da ba sa so. Ba a yi su da tunanin yarinya 'yar ƙaramar sakandare da ke kwance a ɗaki ɗaya da ƙannenta huɗu, ta lulluɓe da zane, riƙe da wayar da aka sayo mata ta hannu a kasuwar waya ta Tip Toe Lane ba. AO3 ya samu lambar yabon adabi ta Hugo a 2019, ƙasar Sin kuma ta toshe shi a 2020. Rumbu ɗaya ne aka yi wa duka biyun.

Babu wanda ya tace

A nan Gana muna da Hukumar Finafinai ta Ƙasa, wadda dokar raya finafinai da rarraba su ta 2016, Doka ta 935, ta kafa. A ƙarƙashinta akwai kwamitin da ke zama ya kalli fim kafin ya ba shi matsayi, ko na kowa, ko na 'yan 12, 15 ko 18. A Kano ma akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001. Wannan ne ya sa idan mutanenmu suka ga harafi a kan wani abu, sai su ɗauka wani mai iko ne ya duba.

A labarin ɗori, wanda ya rubuta shi ne ke sa wa kansa mataki. Mai koko ce ke faɗa maka ko ta sa sikari. Babu edita, babu kwamiti, babu wanda ya karanta kafin a ɗora. Sai wani mai karatu ya kai ƙara sannan 'yan sa-kai su duba, kuma a AO3 abin da sukan yi wa labarin da aka ɓoye gargaɗinsa shi ne a nemi marubucin ya gyara, in ya ƙi a mayar da alamar zuwa "ya zaɓi kada ya yi gargaɗi". Labarin yana nan daram.

Ƙofar kuma ba ta da sakata. A AO3 idan aka taɓa labarin manya, rubutu ne ke fitowa yana cewa akwai abin manya a gaba, in ka yarda ka ci gaba. Taɓawa ɗaya ce. Ba a ma buƙatar asusu don karanta mafi yawan labaran. A Wattpad ana dogara da ranar haihuwar da mutum ya rubuta da hannunsa, kuma babu yaron da ke Nima da bai san yadda ake mayar da 2011 ta koma 2001 ba.

Mu ma fa muna da namu matakin tun kaka da kakanni. Idan mata za su yi wa amarya huɗuba, sai a ce, "Yara, ku tashi ku ba mu wuri." Bambancin shi ne akwai goggo zaune a bakin ƙofa. Intanet ta ɗauki maganar ta bar goggon.

Masu so da masu ƙi

Masu goyon bayan gargaɗi suna da hujjar da ba na iya turewa. Matar da aka taɓa yi wa fyaɗe, ko wadda ta binne jariri wata uku da suka wuce, tana da haƙƙin ta san abin da ke gabanta kafin ta buɗe labari don ta huta. Faɗa mata ladabi ne, kamar yadda ba a shiga gidan makoki da shewa.

Masu suka kala biyu ne, kuma ba su jituwa da juna. Na farko su ne masu cewa gargaɗi lalata labari ne, yana kuma mayar da masu karatu ragwaye. Suna da ɗan abin riƙewa daga binciken masana halayyar ɗan Adam. Wani nazari da aka buga a 2023, wanda ya tattara sakamakon bincike 12, ya gano cewa gargaɗi ba ya rage raɗaɗin da mutum ke ji idan ya karanta abu mai tayar da hankali, yana ma ƙara masa fargaba kafin ya fara, kuma bai cika sa mutane su fasa karantawa ba. Sai dai ina ganin an yi wa wannan sakamako fassarar da ta wuce shi. A gwaji, ana nuna wa mutum gargaɗi sannan a ajiye masa abu guda a gabansa. A rumbun labarai kuwa, mai karatu yana iya umartar injin bincike ya cire masa duk labarin da ke ɗauke da wata alama, ba zai ma ga sunansa ba. Amfanin alama a nan shi ne tankaɗe.

Na biyu su ne malamai da iyayen da ke cewa alamar wanke laifi ce kawai: an rubuta ƙazanta, an manna mata takarda, an ce an fita haƙƙi. A kan labaran da ke haɗa yara da jima'i, ina tare da su ɗari bisa ɗari. Babu wata alama da za ta mayar da wannan abin karɓa, kuma rumbun da ya ba shi masauki da sunan 'yancin rubutu ya ɗauki nauyin da zai amsa. Suna kuma da gaskiya cewa rariyar da ke cire abu ita ce ke tara shi. Yaron da ke neman jan akwati, tsarin ya sauƙaƙa masa aiki.

Inda na rabu da su shi ne maganin da suke kawowa. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano. Rubutun bai mutu ba, ya bar takarda ya koma waya, inda babu mai ganin bangonsa. Idan aka cire alama aka bar labarin, yaron kirki ne zai faɗa ciki bai sani ba, mai nema kuwa dama zai samu.

Namu na Hausa fa?

Wannan ɓangaren ne ya fi damuna, domin mun fi saurin zargin Turawa. Na taso ina karanta littattafan soyayya da fatake ke kawo mana daga Kano, ana karɓa-karɓa har bango ya yage. Yau waɗannan labaran a WhatsApp da Wattpad suke yawo, shafi-shafi, wasu kyauta, wasu sai an tura kuɗi, mu a nan ta momo, wato asusun kuɗi na waya. Duk mai karanta su ya san abin da ake rubutawa a farkon shafi. Za a ga "ban yarda a juya min labari ta kowace siga ba", wanda ke nuna ɗori da kwafe sun iso mu tuni. Za a kuma ga "na matan aure ne, ban yafe wa budurwar da ta karanta ba."

Wannan jimla ta biyu ba ta gaya wa kowa komai. Ba ta ce akwai fyaɗe ba. Ba ta ce akwai duka, ko auren dole, ko uban da ke lalata 'yar riƙonsa ba. Sau da yawa talla ce aka yi wa lulluɓi da gargaɗi, domin marubuciyar ta san babu abin da ke jawo 'yar shekara 15 kamar a ce mata ban da ita. A gefe guda kuma akwai labaran da ba a sa musu ko wannan ba, an buɗe da bisimilla da gaisuwa ga masoya, sai a shafi na 30 a yi wa yarinya fyaɗe dalla-dalla, daga baya a aurar da ita ga wanda ya yi, a kira shi ƙaddara. Matar auren da aka ce littafin nata ne, ita ma mutum ce mai tabo. Aure ba ya sa mace ta shirya karanta irin abin da ya taɓa faruwa da ita.

A wannan fanni, gara mu faɗi gaskiya, baƙin da muke zargi sun fi mu riƙon amanar mai karatu. Layi biyu a farkon littafi sun isa: daga shekara nawa, kuma akwai kaza da kaza. Ƙungiyoyin marubutan da ke sa tambarinsu a saman kowane shafi za su iya wajabta wa membobinsu wannan ba tare da jiran wata hukuma ba.

Abin da ya rage wa gida

Dokar tsaron intanet ta Gana ta 2020, Doka ta 1038, ta tanadi hukunci mai tsanani a kan hotunan tsiraicin yara da yaudarar yaro ta intanet don lalata, kuma ana iya kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta lambar 292. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin wuraren karatun nan ana hira a cikinsu, kuma babban da ya ga yarinya tana bibiyar labarin manya ya samu hanyar fara magana da ita. Amma labarin da wani ya rubuta a Barazil ya ɗora a na'urar da ke Amurka, babu jami'in da zai zo ya cire shi daga wayar da ke ƙarƙashin matashin kai a Sabon Zango.

Ƙwace waya yana aiki na kwana biyu, sai a ari ta ƙawa. Kuma akwai asarar da ba a lissafawa: yara da yawa a nan suka koyi son karatu, a nan Turancinsu ya nuna, wasu a nan suka fara rubutu. Abin da na ga ya fi amfani shi ne uwa ko uba su san haruffan nan kamar yadda suka san kuɗin trotro, motar haya, su duba ranar haihuwar da aka rubuta a asusun, su kuma tambayi yaro labarin me yake karantawa da muryar da za ta sa ya amsa.

Labarin da ke wayar yarinyar nan ta Mamobi T ne, kamar yadda ta rantse. Gargaɗi ɗaya ne a kansa, mutuwar babban tauraro, kuma shi ne ya hana ta barci, don kuka take yi wa wani jarumin zane da aka kashe. Na faɗa wa uwar haka, ta sauke ajiyar zuciya. Sai na koma baya shafi ɗaya, zuwa jerin labaran da aka rubuta a kan wannan jarumin. Na uku daga sama jan akwati ne. Na nuna mata, na faɗa mata ma'anarsa. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta matsa a kan benci ta ce wa 'yar, "Zo ki zauna nan. Nuna min inda ake taɓawa a cire jajayen."